Batman ko Punisher, wa ke da gaskiya? Da zancen gandiroban da ya yi sanadin Luke Cage

Abba Mai Zane:
Salam jama'ar gida. Tun daren jiya wani abu ke cina na ce bari in kawo shi nan tunda ku ne malaman komik. Na samu fitowar farko ta Luke Cage, Hero for Hire ta 1972, ni da a shirin Netflix kawai na san mutumin, na zauna na karance ta tas. Ashe ƙarfin nasa ba daga wata duniya ya zo da shi ba, ba kuma gizo-gizo ne ya cije shi ba, gandiroba ne sila. Sunansa na yanka Carl Lucas, ɗan Harlem, amininsa Willis Stryker ya ɓoye masa ƙwaya a ɗaki saboda mace ya kira 'yan sanda, aka tura shi kurkukun Seagate kan laifin da bai ji ba bai gani ba. A can akwai wani gandiroba Rackham da ya sa shi a gaba, duka ba dare ba rana, da aka kawo sabon shugaban gidan yarin ya rage wa Rackham muƙami sai ƙiyayyar ta ƙaru, ranar da wani likita Burstein ke gwajin magani a jikin Lucas sai Rackham ya lallaɓa ya murɗa na'urar har ƙarshe don ya kashe shi, maimakon ya mutu sai fatarsa ta koma kamar ƙarfe. Tambayata ita ce, Batman da Spider-Man da sauransu kullum su kama mutum su ɗaure su miƙa wa 'yan sanda, mu kuma mu tafa mu ce an yi adalci. To ina ake kai shi? Idan wajen irin su Rackham ake kai shi, adalcin ke nan?

Sadiq Kawo:
Shi ya sa ni tuntuni na yi mubaya'a ga Frank Castle, wato Punisher. Ba kamawa, ba miƙawa, ba beli, ba lauya. Harsashi ɗaya magana ta ƙare. Ko a jikin babur ɗina sitikar ƙoƙon kan nan ce, tambarinsa.

Maman Ilham:
Hhh Sadiq ka fara ko? Bari Barista ta shigo.

Sadiq Kawo:
Anti ta shigo mana, gaskiya ce ai. Ku duba Batman. Sau nawa ya kama Joker? Ya kai shi Arkham, gidan da ake tsare mahaukatan masu laifi, ya fito, ya kashe mutane, ya sake kama shi, ya sake fitowa. A 1988 kaɗai Joker ya harbi Barbara 'yar Kwamishina Gordon ya nakasa ta, a shekarar kuma ya yi wa Robin na biyu, yaron Batman Jason Todd, dukan kawo wuƙa da rodi ya bar shi da bam. Yaron da ka raina a gidanka fa! Kuma ka bar wanda ya kashe shi yana yawo yana dariya. Da Jason ya dawo da rai a labarin Red Hood na 2005 abin da ya tsare Batman da shi kenan, ni ban ce ka kashe kowa ba, amma wannan guda ɗaya me ya sa har yau yake numfashi? Wlh duk ran da na karanta wurin nan sai na ji Jason ya fi shi gaskiya. Duk wanda Joker ya kashe bayan kamun farko akwai kason Batman a jininsa.

Ɗan Damagaram:
Sannunku. Mu nan BD muke ce musu, da Faransanci muka fara karanta su. Sadiq ina da gyara kaɗan, mutuwar Jason ba Joker kaɗai ya yi ta ba, masu karatu suka kashe shi. DC, kamfanin da ke buga Batman, ta ba da lambar waya biyu ta ce a kira a zaɓa, 5,343 suka ce ya mutu, 5,271 suka ce ya rayu. Ƙuri'a 72 ce tsakani. To ka ga in ana rabon alhaki mu ma da namu. Kuma dalilin da ya sa Joker ba ya mutuwa ba wani falsafa ba ne, haja ce, wa zai yanka saniyar da yake tatsa?

Barista Hauwa:
Ga ni Maman Ilham, yanzu na fito daga kotu. Sadiq ƙanina tambaya ɗaya zan maka, ka san fitowar farko ta wannan gwanin naka? Amazing Spider-Man lamba 129, shekarar 1974, Gerry Conway ya rubuta. Wa ya fito kashewa? Spider-Man. Saboda me? Saboda wani mugu Jackal ya rada masa cewa Spider-Man ne ya kashe Norman Osborn, shi kuma ya hau ya zauna, ya ɗauki bindiga. Wato ranar farko da duniya ta ga Punisher, ƙarya aka yi masa ya yarda, ya tafi farautar wanda ba shi da laifi. Da ya dace da harbin da labarin Peter Parker, wato Spider-Man, ya ƙare a nan.

Sadiq Kawo:
Ai daga baya ya gane, kuma bai kashe shi ba

Barista Hauwa:
Bai kashe shi ba don Spider-Man na iya goce wa harsashi. Kai kana iyawa?

Bari in faɗa maka sirrin Punisher, marubuci ne yake kare shi. Duk wanda ya harba sai an riga an nuna mana shi a shafin baya yana sayar da mata ko yana yanka wani, mun gani da idonmu, to in harsashi ya same shi sai zuciya ta yi sanyi. Ko a zango na biyu na shirinsa na Netflix da ya zaci shi ya harbe wasu mata uku har ya karaya ya miƙa wuya, me aka yi? Aka zo aka nuna ai ba shi ba ne, abokin gabarsa Billy Russo ne ya kashe su ya shirya masa gadar zare. Ba a taɓa barinsa ya zauna da kuskure na gaske. A rayuwa kuwa ba wanda zai buɗe maka shafin baya. Abin da kake da shi shi ne ihun ɓarawo ɓarawo da wani ya yi, da taya da fetur. Ɗaliban nan huɗu da aka kashe a Aluu ta jihar Ribas a 2012 ai waɗanda suka kashe su sun tabbata a ransu ɓarayi suka kama. Mafarautan da aka ƙona a Uromi a 2025 suna hanyar dawowa gida Arewa, su ma waɗanda suka yi sun ɗauka masu garkuwa suka kama. Kowanne a cikinsu a ranar ji yake shi ne Frank Castle.

Malam Nura (admin):
Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Barista an fahimta, amma don Allah kada zancen ya koma na ƙabilanci, mun san yadda ya ƙare wancan karon. A tsaya kan komik.

Abba Mai Zane:
Yaya Hauwa na yarda da ke kan Punisher amma kin tsallake tambayata. Naku ɓangaren nake tuhuma, masu cewa a miƙa wa hukuma.

Barista Hauwa:
Ban tsallake ba, ruwa na sha. Kana da gaskiya kuma akwai tarihi a bayan abin. A 1954 bayan surutun da littafin wani likitan ƙwaƙwalwa Fredric Wertham ya tayar, har majalisar dattawan Amurka ta yi zama a kan komik, kamfanonin suka kafa wa kansu hukumar tacewa, Comics Code. Cikin dokokinta akwai cewa ba a nuna ɗan sanda ko alƙali ko jami'in gwamnati ta yadda za a raina hukuma, kuma dole kullum nagari ya yi nasara. Shekara goma sha bakwai ana haka. To yaron da ya taso a lokacin me zai koya? Cewa da an rufe ƙofar kurkuku labari ya ƙare. A 1971 aka sassauta, aka ce to an yarda a nuna jami'i yana aikata laifi, amma da sharaɗi biyu, a nuna shi kaɗai ne ba halin sauran ba ne, kuma a hukunta shi. Ka ga Rackham kenan. Wake ɗaya mai ɓata gari, ga kuma sabon shugaba mutumin kirki a gefe don kada a ce gidan ne gaba ɗaya ya ruɓe. Ba wai marubutan ba su san gaskiya ba, iyakar inda igiyarsu ta kai kenan.

Ɗan Damagaram:
Kuma ku dubi lokacin da ya fito. Satumba 1971 aka yi tawayen gidan kason Attica a jihar New York, fursunoni suka karɓe gidan kwana huɗu suna neman abubuwa irin su abinci mai kyau da magani da 'yancin addini, Musulmin cikinsu ma su suka zagaye gandirobobin da aka yi garkuwa da su suna ba su kariya. Gwamna Rockefeller ya ƙi zuwa, ranar 13 ga wata aka tura 'yan sandan jiha suka buɗe wuta. Mutum 43 suka mutu a rikicin gaba ɗaya, mafi yawansu a wannan safiyar. Hukuma ta fito ta ce fursunoni ne suka yi wa waɗanda suka kama yankan rago, da likita ya duba gawarwakin sai ga shi duk harsashi ne, fursunonin kuwa ba su da bindiga. Bayan nan aka tuɓe waɗanda suka tsira tsirara aka sa su gudu tsakanin layi biyu na jami'ai ana jibgarsu da kulki. Sai a shekarar 2000 jihar ta yarda ta biya su dala miliyan 8. Wata tara bayan Attica Luke Cage ya fito. To a Attica wane ne Rackham ɗin guda ɗaya? Layi biyu ne fa.

Maman Ilham:
Innalillahi. Ni fa na zaci zancen katun muke, ga shi kun sa jikina ya yi sanyi

Abba Mai Zane:
Anti ai shi gwajin maganin ma ba ƙirƙira ba ce zalla. A kurkukun Holmesburg na Philadelphia an shafe shekaru tun daga 1951 har 1974 ana gwada magunguna da sinadarai a fatar fursunoni, yawancinsu baƙaƙe, ana ba su 'yan canji. Shi Lucas a labarin ya yarda a yi gwajin ne don yana sa ran a sassauta masa a sake shi. Wannan yarda ce ko dole?

Sadiq Kawo:
To ai duk maganata kuke tabbatarwa! Kotu ta ɗaure marar laifi, kurkuku ta azabtar da shi, gwamna ya yi ƙarya. Sai kuma ku ce in jira wannan tsarin ya bi min haƙƙi? An kashe wa Frank mata da 'ya'ya biyu a Central Park a gabansa don kawai sun ga abin da bai kamata su gani ba, 'yan sanda sun san waɗanda suka yi, ba a yi komai ba. Ku a matsayinsa me za ku yi, ku rubuta takardar koke?

Ustaz Bashir:
Assalamu alaikum, ina bi a hankali. Sadiq zafin da kake ji ba laifi ba ne, addini ma bai ce wanda aka kashe wa ɗan'uwa ya haɗiye kawai ba. An ba waliyyin jini haƙƙi, ko kisasi ko diyya ko yafiya, yana cikin Baƙara. Amma a Isra'i inda aka ce an ba shi hujja a nan take aka ce kada ya wuce iyaka wajen kisan. Kuma malamai sun yi bayani cewa sai an tabbatar a gaban alƙali, hukuma ce ke zartarwa. Shi wannan Frank ɗin naka ya gama da waɗanda suka kashe iyalinsa tun tuni, shekara hamsin kenan yana kashe waɗanda ba su san ma sunan matarsa ba. Wannan ya tashi daga ramuwa ya koma sana'a.

Sadiq Kawo:
Ustaz a Gotham, garin Batman, wane alƙalin? Hhh

Ustaz Bashir:
Frank ba a Gotham yake ba, New York yake, ko ni da ba na karantawa sosai na san wannan.

Maman Ilham:
Wayyo cikina 😂 Ustaz ya ba ka

Baffa Ɗanladi:
Yara sannunku da hira. Jikana ne ya sa ni a wannan gida don yana ganin ina son littattafan hoto, mu a zamaninmu Lance Spearman muke karantawa a mujallar African Film, ana ba da aro hannu zuwa hannu har ta yage. Ban saba magana a nan ba amma yau kun taɓo inda na yi rayuwata. Ni gandiroba ne mai ritaya, shekara talatin da 'yan kai ina aikin. Ba zan faɗi gidajen da na zauna ba.

Abba Mai Zane:
Kai! Baffa ku yi haƙuri in mun faɗi abin da bai dace ba, wlh ban san kuna nan ba

Baffa Ɗanladi:
Ba komai ɗana, ba ku faɗi ƙarya ba. Abin da zan ƙara shi ne irin wannan Rackham da kuka kwatanta, mai mugunta a fili kowa ya san shi, akwai shi amma ba shi ne ya fi yawa ba kuma ba shi ne ya fi ban tsoro ba. Wanda na fi tunawa abokin aikina ne, mutum mai sallah a kan lokaci, in ka je gidansa ba ka tashi ba ka ci abinci ba. Amma in aka kawo sabon mutum aka ce fyaɗe ya yi ko fashi, sai ya ce a bar masa shi. Shi a ganinsa kotu wasa take, lauya zai zo ya fitar da mutumin, to gara ya karɓi rabonsa tun yanzu. Bai taɓa jin zalunci yake ba, cewa yake yana rama wa waɗanda aka cuta. Akwai wani yaro da aka kawo kan zargin fashi, ya yi masa dukan da har ya bar gidan ba ya miƙe hannunsa na hagu sosai. Shekara huɗu yaron yana jiran shari'a, ran nan aka kira shi kotu aka ce ba shaida, ya tafi gida. Ina tsaye a wurin ranar dukan. Ban taɓa shi ba amma ban ce a bari ba, ina sabon shiga ina tsoron a ce ina goyon bayan ɓarayi. Yau shekara kusan arba'in ina ganin hannun nan.

Da na ji Sadiq yana magana sai na ji muryar abokin nan nawa sak. Ba zagi ba ne ɗana, shi ma mutumin kirki ne.

Sadiq Kawo:
Baffa na ji. Ba ni da ta cewa a kan wannan.

Barista Hauwa:
Allah ya saka da alheri Baffa, ba kowa ke iya faɗin wannan ba. Kuma abin mamaki akwai labarin Batman da ya zo da shi kusan haka. A katun ɗin Batman na talabijin, 1994, akwai wani Lyle Bolton shugaban tsaro na Arkham. Batman ya kamo Scarecrow zai mayar da shi sai ya ga mutumin da sana'arsa tsorata mutane yana karkarwa yana roƙo kada a mayar da shi, wai ba don ya yi ta'asa ya gudu ba, don ya tsere wa Bolton ne. Bruce Wayne, wato Batman ba rigar aiki, ya sa aka yi zaman bincike, aka kawo Harley Quinn da sauran, kowa ya yi tsit don Bolton na zaune yana kallonsu, sai da Bruce ya ce to tunda ba ƙorafi a ƙara masa wa'adi, nan suka fashe da bayani, ɗaurewa da sarƙa, sa wa ƙofa lantarki, har ɗan tsanan nan Scarface ya rataye a kan gwangwanin gara. Aka kore shi, ya dawo da sunan Lock-Up ya fara kama kwamishinan 'yan sanda da magajin gari da 'yar jarida da likita yana kullewa, wai su ne suka lalata gari da sassauci. Kuma ya yi tsammanin Batman zai ba shi hannu su yi aiki tare, kai ka kamo ni in kulle.

Abba Mai Zane:
Na kalli wannan! Amma Yaya kin ga abin da nake faɗa, an cire Bolton shikenan Arkham ta gyaru? Mako na gaba Batman ya ci gaba da zuba mutane a ciki kamar ba abin da ya faru. Attajiri ne fa, kuɗin motar nan tasa kaɗai ya isa ya gyara gidan.

Ɗan Damagaram:
Superman na farko-farko ya fi shi a nan. A Action Comics lamba 10, 1939, kafin dokar tacewa, da kansa ya sa aka kama shi aka kai shi sansanin fursunoni masu aikin ƙarfi da sarƙa a ƙafa don ya ga abin da shugaban wurin yake yi, bulala da yunwa da akwatin zafi da ake kulle mutum a rana, ya ɗauki hoto, ya sa mutumin ya ɗanɗani akwatin nasa har ya amsa laifi a gaban gwamna. A fitowarsa ta farko ma a 1938 ƙofar gwamna ya ɓalla cikin dare don a tsayar da kashe wata mata da aka yanke wa hukunci bisa kuskure. Siegel da Shuster da suka ƙirƙiro shi 'ya'yan talakawa ne 'yan ci-rani, sun san hukuma ba uwar kowa ba ce. Daga baya ne aka mayar da shi ɗan gidan gwamnati.

Maman Ilham:
Ni Bane, abokin gabar Batman, ne yake ba ni tausayi. Ilham ta tambaye ni me ya sa yake mugu na je na duba, ashe a kurkuku aka haife shi, babansa ya gudu sai aka ce jaririn ya yi zaman ɗaurin rai da ran uban. Yo wannan in ya girma ya karya bayan Batman wa za a zarga?

Sadiq Kawo:
Anti shi ma gwajin ƙwaya aka yi a jikinsa a ciki, Venom. Kamar dai marubutan nan duk sun san in kana neman inda za a yi wa mutum komai ba mai tambaya, kurkuku ne.

Barista Hauwa:
Ka fara dawowa hanya ƙanina. Suicide Squad ma ai shi ne, tun 1987, Amanda Waller ta ɗebo fursunonin Belle Reve ta maƙala musu bam ta tura su aikin da ba a dawowa, in sun mutu gwamnati ta ce ba ta san zancen ba. Mu kuma muna cin gugguru muna dariya don an ce mana miyagu ne.

Wanda ni na fi girmamawa Daredevil ne, ba don lauya ne irina ba (to, da wannan ma). A labarin Chip Zdarsky da ya fara a 2019, ya daki wani ɓarawo a faɗa mutumin ya bugu ya mutu, ba da niyya ba. Ya yi ta neman wanda ya shirya masa makirci, irin na Punisher ɗin nan, ya duba ya duba ya gano ba kowa, shi ne. Ƙarshe ya miƙa kansa ya amsa laifi aka ɗaure shi. Kuma a ciki fursunoni suka faɗa masa gaskiya, kai da ka zaɓi shigowa don ranka ya yi sanyi ba ɗaya kake da mu da ba a tambaye mu ba. Wannan ne karo ɗaya da na ga jarumi ya bi mutanen da yake kamawa har inda ake kai su ya kwana a can.

Abba Mai Zane:
Ya taɓa shiga a 2006 ma lokacin marubuci Brubaker, a kurkukun tsibirin Ryker's

Barista Hauwa:
Eh amma wancan kama shi aka yi kuma ya gudu, da taimakon Punisher ma. Shi Ryker's ɗin kuwa daga Rikers na gaske, kurkukun birnin New York, aka ɗauko sunan. A can aka tsare Kalief Browder, ɗan shekara 16, a 2010, kan zargin satar jakar goyo, danginsa ba su da dala 3,000 ta beli. Shekara uku ba a yi shari'a ba, kusan biyu a ciki shi kaɗai a ɗaki, akwai bidiyon da ya fito gandiroba na maka shi da ƙasa. Aka janye ƙarar aka sake shi, 2015 ya kashe kansa. Da a komik ne da shafi ɗaya zai samu, Spider-Man ya naɗe shi da yana ya manna takarda ya wuce. Nan gida Najeriya ma an canza wa hukumar gidajen yari suna zuwa ta gyaran hali a 2019 amma har yanzu kusan biyu cikin uku na waɗanda ke ciki jiran shari'a suke, ni nake zuwa ina ganinsu.

Baffa Ɗanladi:
Haka ne 'yata. Sai dai in kuna rubuta namu laifin ku rubuta da cewa mutum ɗaya ake bari da ɗaki cike maƙil da dare, ba bindiga sai kulki da usur, albashi ba ya kai wata, kuma in fursuna ya gudu kai za ka maye gurbinsa. Tsoro na sa mutum duka fiye da mugunta. Ban faɗa don in wanke kowa ba. A littattafan nan naku akwai inda aka taɓa nuna gandiroba yana jin tsoro?

Ɗan Damagaram:
Baffa akwai wani gandiroba Aaron Cash a Arkham, wani mugu mai siffar kada Killer Croc ya cinye masa hannu ya koma sa ƙugiya, kuma ya ci gaba da zuwa aiki. Shi an nuna shi mutum ne, da tsoronsa da fushinsa. Amma irinsa ba su da yawa, yawanci gandiroba a komik ko azzalumi ne ko gawa ce a shafi na uku in za a fasa gidan.

Baffa Ɗanladi:
To a turo min wannan in gani, jikana zai buɗe min.

Sadiq Kawo:
Ni dai har yanzu ina nan kan bakana game da Joker, wannan guda ɗaya ko Baffa ne ya samu dama ban yarda zai bar shi ba. Amma zancen sitika, Barista na san abin da za ki ce, na san Gerry Conway da kansa ya yi ta faɗa da 'yan sandan Amurka masu manna ƙoƙon kan a motocinsu, na kuma karanta fitowar 2019 inda Frank ya ɓanɓare ta daga motar 'yan sanda ya yayyaga ya ce in gwani suke nema su bi Captain America. Na sani tun kafin yau.

Barista Hauwa:
Ni ban ce komai ba fa

Maman Ilham:
To za ka cire ko ba za ka cire ba?

Sadiq Kawo:
Anti gam ɗin ya kama fenti, in na ja zai ɓata min tanki. Sai na je wajen mai wanki ya sa mata ruwan zafi.

Malam Nura (admin):
Abba ka haɗa wa Baffa na Aaron Cash ɗin da na Luke Cage ka tura masa ta gefe, ka rage musu nauyi don datarsa. Masu tambayar komik ɗin Kingdom Come ku bari sai Asabar, Magog da Joker zance ne mai tsawo kuma na san Sadiq zai dawo da ƙarfinsa.

Abba Mai Zane:
An gama Malam. Baffa in kun karanta na Luke Cage ku faɗa min ko ɗakin horon da aka zana ya yi kama da na gaske, ina so in zana wani abu a kai.

Baffa Ɗanladi:
Na ga hoton ɗakin da ka sa a sama. Nasu akwai gado.